Yadda Ɗalibin Tuƙin Jirgin Sama a Amurka Zai Bi Haƙƙinsa Idan Makaranta Ta Haɗa Shi da Malamin da Bai Cancanta Ba

Rigima tsakanin ɗalibi da makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Amurka takan fito fili ne a ranar jarrabawa, lokacin da mai jarrabawa ya buɗe littafin awannin ɗalibin, ya bi sa hannun malamansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce wasu awannin ba za su shiga lissafi ba. Daga nan ɗalibi yakan nufi ofishin makaranta yana neman a mayar masa da kuɗinsa, su kuma su ɗauko yarjejeniyar da ya sa wa hannu tun kafin ya baro gida, su nuna masa inda aka rubuta cewa kuɗin da aka biya ba ya dawowa. Ɗalibanmu da ke zuwa Florida, Texas ko California da kuɗin iyaye ko na gwamnati suna da abubuwa uku da za su iya rasawa a irin wannan hali: awannin da suka tara, izinin zamansu a ƙasar, da kuɗinsu. Wanda ya fara da faɗan kuɗi kafin ya tsare na farko da na biyu yakan tashi a tutar babu, don haka a wannan jere ya kamata a bi lamarin.

Da farko ka san cewa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ba ta karɓo wa kowa kuɗi. Aikinta shi ne lasisi da lafiyar tashi. Tana iya dakatar da malami ko ta ƙwace shaidar makaranta, amma batun mayar da kuɗi magana ce ta yarjejeniya, kuma dokar jihar da makarantar take ita ce ke hukunci a kai. Abin da ya haɗa su shi ne hujja: ƙa'idojin FAA ne za su nuna cewa ba a ba ka abin da ka biya ba, kotu kuma ita ce za ta ce a biya ka.

Ana koyar da tuƙi a Amurka a ƙarƙashin Sashe na 61 ko Sashe na 141 na dokokin FAA. A na 61, lasisin malami kaɗai ya isa, makarantar ba ta buƙatar wata shaida daga hukuma. A na 141, makarantar ce da kanta ke riƙe da shaida, tana da manhajar da FAA ta amince da ita da babban malami mai sa ido, shi ya sa aka rage mata mafi ƙarancin awannin lasisin farko daga 40 zuwa 35. Ɗalibin da ya shiga da bizar M-1, wato bizar ɗaliban koyon sana'a, galibi a makarantar da ke da irin wannan shaida yake, amma hakan ba ya nufin kowane kwas da ya yi a ƙarƙashinta aka yi shi, domin makaranta ɗaya takan gudanar da wasu kwasa-kwasan a 141, wasu a 61. Doka ta wajabta wa makarantar 141 ta ba ɗalibi takardar shaidar shiga kwas, da kwafin manhaja, da ƙa'idojin kiyaye haɗari a lokacin da ta ɗauke shi, ta kuma hana ta yin tallar da ke cakuɗa kwas ɗin da aka amince da shi da wanda ba a amince da shi ba. Idan an sayar maka da kwas da sunan 141 amma ba a taɓa ba ka waɗannan takardu ba, ka riga ka sami hujja ta farko.

Cancantar malami kuwa hawa-hawa ce, kuma a nan ne yawancin ɗalibai ke rikicewa. Lasisin koyarwa da ake kira CFI yana ɗauke da jerin abubuwan da aka yarje wa mai shi ya koyar. Malamin da aka amince masa ya koyar a jirgi mai inji ɗaya ba shi da hurumin koyar da mai inji biyu sai an ƙara masa wannan izini a lasisinsa na koyarwa, kuma ko an ƙara masa, sai ya zama ya tuƙa ainihin wannan samfurin jirgin na aƙalla awa 5 a matsayin matuƙi mai iko, wato wanda alhakin jirgin ke kansa, kafin ya koyar da wani a cikinsa. Haka nan tuƙi da na'urori, wanda ake yi cikin gajimare ba tare da ganin ƙasa ba: daga cikin awa 40 da ake buƙata, aƙalla 15 dole su kasance tare da malamin da ke da izinin koyar da wannan fanni. Sannan akwai batun wa'adi. A da, lasisin koyarwa yana ƙarewa bayan wata 24. Daga 1 ga Disamba 2024 FAA ta daina buga ranar ƙarewa a jikin sababbin lasisin, amma ta bar sharaɗin cewa malami ya sabunta cancantarsa duk wata 24, wanda bai yi haka ba kuwa ba shi da ikon koyarwa ko da katin yana aljihunsa. Malamin da ke tare da sabon ɗalibi shi ne matuƙi mai iko a jirgin, saboda haka dole takardar shaidar lafiyarsa ta kasance da sauran wa'adi. Doka ta kuma hana malami koyarwa a sama fiye da awa 8 cikin kowace awa 24. Makarantun da ɗalibai suka yi wa yawa, malamansu kuma matasa ne masu tara awa 1,500 domin su tafi kamfanonin jirage, a nan sukan yi sakaci.

Hanyar bincike ba ta da wuya. Duk darasin da aka yi a sama, doka ta ce malami ya rubuta shi a littafin awannin ɗalibi, ya sa hannu, ya rubuta lambar lasisinsa da ranar da wa'adinsa zai cika. Ka zauna da littafin ka fitar da sunan kowane malami, da ranakun da ya koyar da kai, da irin jirgin, da irin darasin. Sannan ka shiga rajistar matuƙa da FAA ta buɗe wa kowa a intanet, ka nemi sunan kowannensu, ka ga abin da lasisinsa ya ƙunsa da ranar gwajin lafiyarsa, ka adana hoton shafin da kwanan wata. Rajistar tana nuna halin da malami yake ciki a yau ne, don haka wanda ya sami izinin inji biyu a watan jiya zai fito da shi ko da a bara ya koyar da kai babu shi. Saboda wannan ne ranar da aka ba shi lasisin da kuma ranakun da ke littafinka suke da muhimmanci, sauran tarihin kuma lauya na iya tilasta a fito da shi idan an je kotu.

Duk wannan ka yi shi cikin natsuwa, kafin makaranta ta san kana da ƙorafi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin awanni naka ne, kada ka bar shi a ofishinsu, kuma ka ɗauki hoton kowane shafi. Makarantar 141 tana da nata kundin horo a kan kowane ɗalibi, doka ta ce ta ajiye shi na aƙalla shekara ɗaya bayan ɗalibin ya gama ko ya bar ta, ta kuma ba shi kwafi idan ya nema. Ka nema a rubuce ta imel. Ka haɗa da rasit na kowane biya, da bayanin asusunka na makaranta, da jadawalin tashi, da saƙonnin da aka yi maka alkawari a ciki, da hoton tallar da ke shafinsu, domin talla takan sauya da zarar rigima ta taso. Idan wani ya ba ka shawarar a sa wani malami ya sake sa hannu a kan darasin da ba shi ya koyar ba, ka ƙi, ko da babban malamin ne ya kawo shawarar. Ƙarya a littafin awanni tana iya jawo a soke duk wani lasisi da kake da shi, kuma sunanka ne a bangon littafin.

Bayan takardu sai biza. Ɗalibin M-1 da ya yi fushi ya daina zuwa makaranta ya ba jami'in makarantar dalilin rufe rajistarsa a SEVIS, tsarin da gwamnatin Amurka ke rajistar ɗalibai 'yan ƙasashen waje, kuma da zarar an rufe, zamansa a ƙasar ya zama ba bisa ƙa'ida ba. Sauya makaranta a wannan biza an taƙaita shi ga wata 6 na farko, bayan haka sai mutum ya nuna cewa wani dalili da ya fi ƙarfinsa ne ya hana shi ci gaba da zama a makarantar farko. Ka sami sabuwar makaranta da ta yarda ta ba ka takardar I-20, wato shaidar karɓar ɗalibi ɗan ƙasar waje, kafin ka bar tsohuwar, ka kuma tabbatar ta sanar da hukumar tsaron sufuri ta Amurka, wato TSA, kafin ta fara koyar da kai, tunda kai baƙo ne. Ka sa a lissafinka cewa sauyi yana da tsada: sabuwar makarantar 141 ba za ta iya karɓar fiye da rabin manhajarta daga horon da ka yi a wata makarantar 141 ba, idan kuma daga wajen 141 ka fito, kashi ɗaya cikin huɗu ne iyaka, shi ma sai ta gwada ka.

Lissafin asara ya kamata ya zama na gaskiya, domin alƙali yana gane wanda ya yi ƙari. Akwai kuɗin da ka ajiye ba a taɓa ba, wanda shi ne mafi sauƙin karɓowa. Akwai kuɗin hayar jirgi da na malami na awannin da suka lalace. Akwai kuma abin da jinkirin ya jawo, kamar ƙarin kuɗin hayar gida, da tsawaita biza, da sake rubuta jarrabawar takarda idan wata 24 ɗinta sun cika, amma wannan kason ya fi wuyar samu, kuma yarjejeniyoyi da yawa sun cire shi. Ba kowace awa ce take lalacewa gaba ɗaya ba. Wanda ya riga ya sami lasisin farko, kuma shi ne yake riƙe da jirgin da lasisinsa ya ba shi damar tuƙawa, yana iya ƙirga wannan lokaci cikin jimillar awanninsa ko da bai cika sharaɗin darasin da aka yi nufi ba. Wanda bai sami lasisi ba tukuna kuwa, asararsa ta fi girma, domin duk abin da ya yi ya rataya ne a kan sa hannun malami, har da izinin tashi shi kaɗai. Ka roƙi mai jarrabawar da ya ƙi awannin ya rubuta maka dalilinsa, ka kuma gwada lambobin agogon jirgi da ke rasit da abin da ke littafinka, domin wani lokaci a nan ma akan tarar da bambanci.

Yanzu sai a koma ga yarjejeniya, a karanta ta daga farko har ƙarshe. Kalmar cewa kuɗi ba ya dawowa ba ta kare wanda ya kasa cika nasa alkawarin, kuma kotunan Amurka suna bambanta tsakanin kuɗin da aka tsayar a matsayin ƙiyasin asara mai ma'ana da wanda aka tsayar domin azabtar da mai janyewa, na biyun ba sa tilasta shi. Abin da ya fi cin ɗalibai shi ne sharaɗin da ke cewa idan ka janye za a sake lissafa duk awannin da ka yi a kan farashin da ba ragi, sai ka ga ragowar kuɗinka ta narke. Ka duba ko akwai sharaɗin kai rigima gaban mai raba gardama maimakon kotu, domin dokar tarayya ta 1925 ta ba irin wannan sharaɗi ƙarfi, kuma da wuya a kuɓuce masa. Ka duba wace jiha aka ce a yi shari'a, da wanda zai biya lauyoyi, da ainihin sunan kamfanin da ya sa hannu, wanda sau da yawa ba shi ne sunan da ke jikin allon makaranta ba. Idan gwamnati ce ko wani kamfani ya ɗauki nauyinka, kuma shi ya sa hannu ya biya, to haƙƙin neman kuɗin nasa ne, kuma abin da ya rage maka shi ne ka kai wa hukumar da ta tura ka hujjojinka a rubuce. Wanda ya biya ta hannun dillali a gida kuma ya fara tabbatar da nawa ne ya isa makarantar.

Mataki na gaba shi ne takardar neman haƙƙi. Shafi ɗaya ko biyu sun isa: ranakun darussan, sunan malamin, ƙa'idar da aka saɓa, adadin kuɗin da kake nema da yadda ka lissafa shi, da wa'adin da ka ba su, misali kwana 14 ko 30. A aika ta gidan waya ta hanyar da mai karɓa ke sa hannu, a kuma aika ta imel. A Texas, wanda zai kai ƙara a ƙarƙashin dokar hana yaudarar masu saye sai ya ba da sanarwa a rubuce kwana 60 kafin ya shigar da ƙarar. Kada ka rubuta cewa za ka kai su FAA idan ba su biya ka ba, domin a wasu jihohi haɗa barazanar kai rahoto da neman kuɗi yana iya zama laifi a kanka. Game da kafafen sada zumunta, wata dokar tarayya ta 2016 ta haramta wa kamfanoni sanya sharaɗin hukunta abokin ciniki saboda ya faɗi ra'ayinsa na gaskiya, amma ba ta kare ƙazafi ba, kuma duk abin da ka rubuta cikin fushi lauyansu zai karanta shi a gaban alƙali.

Kai rahoto ga ofishin FAA na yankin, wanda ake kira FSDO, abu ne da ya dace, domin malamin da bai cancanta ba haɗari ne ga ɗaliban da ke bayanka. Sai dai ka ga lauyan da ya san harkar jirage kafin ka je, saboda rahoton zai buɗe naka littafin ma. Idan ka tashi kai kaɗai da izinin da ba shi da inganci, ko ka riga ka ci jarrabawa da awannin da ake shakka a kansu, hukumar tana da ikon kiranka ta sake gwada ka. Zuwa da kanka da takardu a hannu ya fi a gano daga baya. Baya ga FAA, ofishin Antoni Janar na kowace jiha yana karɓar ƙorafin masu saye kyauta, kuma ƙorafin ɗalibai biyar a kan makaranta ɗaya ya fi na mutum ɗaya nauyi. Wanda ya biya da katin bashi na bankin Amurka yana da kwana 60 daga ranar da aka aiko masa da bayanin asusu ya ƙalubalanci biyan a rubuce. Wanda ya turo kuɗi kai tsaye daga banki a gida ba shi da wannan dama.

Idan takarda ba ta yi aiki ba, kotun ƙananan basussuka ita ce mafi araha da sauri. Iyakar abin da ake nema a cikinta dala 8,000 ne a Florida, 12,500 a California ga ɗaiɗaikun mutane, 20,000 a Texas, a California ma ba a barin lauyoyi su tsaya wa kowa a zaman. Abin da ya haura haka sai babbar kotu, inda al'adar Amurka ita ce kowa ya biya lauyansa sai dai idan yarjejeniya ko wata doka ta ce akasin haka. Dokar hana yaudara ta Florida tana ba wanda ya yi nasara damar neman kuɗin lauyansa, kuma wannan ya haɗa da makarantar idan ita ta yi nasara. Wa'adin shigar da ƙara a kan rubutacciyar yarjejeniya shekara 5 ne a Florida, 4 a Texas da California, amma ga ɗalibin da bizarsa ke gab da ƙarewa, wa'adin gaskiya shi ne ranar da zai hau jirgin komawa gida, tunda bin shari'a daga Kano ko Yamai aiki ne mai cin kuɗi. A ganina, sulhun da zai dawo da ragowar kuɗi nan take, ya kuma sa a maimaita awannin da suka lalace kyauta tare da malamin da ka tantance da kanka, ya fi hukuncin da za a jira shekara biyu. Amma a rubuta shi, a sa ranar biya, kuma kada ka sa hannu a takardar yafe ƙara sai kuɗin sun shiga asusunka.

Akwai halin da duk waɗannan matakai ba sa amfani, wato idan makarantar ta durƙushe. A watan Fabrairu na 2008 kamfanin Silver State Helicopters na jihar Nevada ya rufe rassansa a rana ɗaya ya shiga kotun karayar arziki, ya bar ɗalibai fiye da 2,000, da yawansu sun ci bashin kusan dala 70,000 wanda aka riga aka miƙa wa makarantar tun kafin su kammala horo. Da zarar kamfani ya shiga wannan kotu, duk ƙarar da ake yi da shi takan tsaya, kuma abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya shigar da takardar shaidar bashi kafin wa'adi ya cika. Fifikon da doka ta ba kuɗin ajiya na masu saye bai kai dala 4,000 ba, sauran kuwa sai bayan bankuna masu jingina sun ɗauki nasu. Idan ka ga jirage sun daɗe a ajiye ba gyara, malamai suna barin aiki suna ƙorafin albashi, ofis kuma yana matsa wa ɗalibai su biya kuɗin kwas na gaba tun ba a gama na yanzu ba, ka nemi kundin horonka da ragowar kuɗinka a wannan makon, kuma a kowace makaranta kada ka ajiye fiye da kuɗin matakin da kake ciki.

Kafin ka baro Amurka, ka tabbatar kana riƙe da kwafin kundin horo mai sa hannun babban malami, da rubutaccen bayani a kan duk awannin da aka maimaita da dalilin maimaita su, domin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, za ta duba littafin awanninka lokacin da ka je mayar da lasisin zuwa na gida, kamfanin da zai ɗauke ka aiki ma zai duba. Idan shari'a ba ta ƙare ba, ka ba lauyanka izini a rubuce ya ci gaba a madadinka, ka bar wa kotu adireshin da saƙo zai same ka, ka kuma tambayi magatakarda tun da wuri ko alƙalin yana yarda a ba da shaida ta bidiyo.